Darasi na 9: Ina Kifi Yake Zama a Babban Ruwa?

A wannan darasi za mu koyi yadda masunci ke gano matattarar kifi a tafki ko madatsa tun kafin ya jiƙa komarsa, da yadda yanayin shekara ke sauya wa kifi wurin zama, da kuma wuraren da ya kamata a ƙyale ko da kifi ya cika su.

Mutumin Maiha ya san sana'ar su tun yana yaro, amma sun ƙaramin ruwa ya sani. Rafukanmu daga duwatsun Mandara suke gangarowa, su cika maƙil a Agusta da Satumba, kafin tsakiyar rani kuma sun yanke, sai gurabe jefi-jefi a cikin yashi. A irin wannan gurbi ba a wahalar neman kifi, domin ruwan da kansa ya tsare shi wuri guda. Yara su shiga da kwando, manya su zo da homa, kafin azahar an gama. Haka abin yake a Mayo Tiyel da ke bin iyakarmu da Kamaru har ya faɗa Binuwai, haka kuma yake a Yedzaram da ya ratsa Mubi ya nufi arewa.

Babban ruwa wani sha'ani ne daban, kuma ba shi da nisa da mu. Akwai madatsar Kiri a kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Shelleng, wadda aka kammala a 1982 domin ban-ruwan raken kamfanin sukari na Savannah. Akwai tafkin Geriyo a gefen Jimeta. A tsallaken iyaka, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, akwai madatsar Lagdo a kan Binuwai, ita ma ta 1982, wadda faɗin ruwanta ya haura murabba'in kilomita 500. Can arewa kuma ga tafkin Cadi, inda bandar Baga ke fitowa. Duk wanda ya bar Belel ko Sorau ya tafi ɗaya daga cikin waɗannan wurare cin rani da niyyar su, abin da zai fara karo da shi shi ne yawan ruwan. Zai tsaya a gaɓa ya ga ruwa iya ganinsa, ko'ina iri ɗaya, ya rasa inda zai dosa.

Yawancin ruwan babu komai a ciki

Abin da sabon shiga ya fi wuyar yarda da shi shi ne cewa kifi ba ya bazuwa daidai-wa-daida a tafki. Mafi yawan faɗin ruwan nan fanko ne. Mutum biyu za su shimfiɗa ragar kalli iri ɗaya a dare ɗaya, tsakaninsu bai fi taki ɗari biyu ba, ɗaya ya cika jirgi, ɗayan ya tashi da ƙurungu uku. Akan ce sa'a ce, wasu ma su ce asiri. Arziki na Allah ne, wannan ba a ja. Amma idan ka bibiyi mai cika jirgin, za ka tarar ya san abin da ke ƙarƙashin ruwan, ɗan'uwansa kuwa saman kawai yake gani.

Ku dubi ƙasarmu ta Maiha. Wanda ke neman jama'a ba zai je tsakiyar daji ya tsaya ba. Zai nufi kasuwa, ko bakin rijiya, ko hanyar da ake bi tsakanin ƙauyuka. Kifi ma haka yake da wurin cin abinci, da wurin fakewa, da hanyar da yake bi tsakanin biyun. Ƙari a kan wannan, yana buƙatar iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa, kuma ba ko'ina ake samunta da yawa ba. Inda abinci da mafaka da iska suka haɗu kusa da juna, nan ne matattara. Kuma galibi sukan haɗu ne a kan iyakar abu biyu: inda ciyawa ta ƙare fili ya fara, inda tudu ya gangara zurfi, inda yashi ya sadu da laka, inda jan ruwan rafi ya shiga cikin garai-garan ruwan tafki. Ku riƙe wannan magana ta iyaka da kyau, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kanta yake.

Karanta ƙasan ruwa

Madatsa irin Kiri ko Lagdo tana da wani alheri ga mai lura. Kafin a tare ruwan, wurin nan ƙasa ce da mutane suka zauna suka noma. Tsohon kwarin kogin yana nan kwance a ƙasa, da lanƙwasarsa da gaɓarsa. Kututturan bishiyoyi suna nan, da suri, da duwatsu, da kwazazzabai. Dattawan yankin da suka san wurin kafin 1982 za su iya nuna maka da yatsa su ce nan ne fadamar wane, can ne mashigin shanu. Zama da irin waɗannan dattawa na yini guda ya fi wata guda ana yawo a jirgi, kuma kullum raguwa suke yi. Wanda ya samu damar jin ta bakinsu, ya rubuta abin da ya ji.

Bakin tsohon kwarin kogi shi ne babbar hanyar kifi. Da rana manyan kifaye sukan kwanta a gangarensa, da yamma su hauro tudu neman abinci, da safe su koma. Kallin da aka shimfiɗa a kan wannan gangare yana tare su a kan hanya, wanda aka jefa a tsakiyar fili kuwa sai dai ya jira ɓatacce.

To yaya za a gano gangaren alhali ba a ganin ƙasa? Da farko dubi gaɓa. Yadda ƙasa ta sauko wa ruwa, yawanci haka take ci gaba a ƙarƙashinsa. Inda dutse ya faɗo tsaye, akwai zurfi kusa. Inda fadama ta shimfiɗo a hankali, za ka yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce ƙugu ba. Inda tudu ya yi tsini ya shiga cikin tafki, tsinin nan yana ci gaba a ƙasa, kuma gefensa biyu da ƙarshensa wurare ne masu kyau ƙwarai.

Sannan a auna. Ba a buƙatar kuɗi. Samu igiya mai ƙarfi, ka ƙulla ta a kowace gaba, ka ɗaura dutse ko guntun ƙarfe a bakinta. Ka tuƙa daga gaɓa ka miƙe, kana saka igiya bayan kowane tuƙi ashirin, kana faɗa wa abokin tafiyarka yana rubutawa: gaba ɗaya, gaba ɗaya da rabi, gaba biyu, gaba biyu, gaba biyar. Inda lissafi ya yi tsalle daga biyu zuwa biyar, ka taka bakin gangare. Idan ka manna ɗan sabulu a ƙasan dutsen, zai ɗauko maka labarin ƙasa: yashi ne, ko tsakuwa, ko baƙar laka. A ruwan da bai kai gaba biyu ba, gorar tuƙi ma ta isa. Hannu yana jin bambancin ƙasa mai tauri da mai taushi.

Wurin da aka gano, sai a san yadda za a komo masa gobe, tunda ruwa ba ya riƙe sawu. Dabarar masunta ita ce jera alama biyu. Kana zaune a jirgi a kan wurin, ka duba gaɓa ka nemi abu biyu da suka yi layi ɗaya, misali wata giginya da kan wani dutse a bayanta. Ka juya wani ɓangaren ka sake neman wasu biyu, misali hasumiyar masallaci da wata tsamiya. Duk ranar da ka dawo ka ga layukan nan biyu sun daidaita lokaci guda, to kana kan wurinka. Mu da muka tashi a gindin duwatsu, idonmu ya saba da siffar kowane tsauni, saboda haka wannan dabara ba za ta yi mana wuya ba. Mai babbar waya yana iya adana wurin a taswirar wayarsa, amma kada ya yar da dabarar ido, domin caji yakan ƙare, waya kuma takan faɗa ruwa.

Kowane kifi da gidansa

Kafin ka ce ina kifi yake, sai ka faɗi wane kifi kake nema. Karfasa ta gefe ce. Tana son ruwa marar zurfi mai ɗumi, kusa da ciyawa, inda ruwan ya yi kore-kore saboda ƙananan tsirrai da take ci. Mai birgi a nan yake samunta. Tarwaɗa kuwa ba ta ƙin laka da gurɓataccen ruwa, domin Allah ya ba ta hanyar shaƙar iska daga sama. Za ka ga ta leƙo ta koma, kuma da dare ta fi yawo. Ƙurungu da ragon ruwa 'yan ƙasa ne, suna maƙale wa kututture da ramukan dutse. Giwan ruwa yana son ruwa mai tsabta da iska sosai, yakan laɓe a gindin duwatsu da bakin gangare yana jiran ƙananan kifi su gifta. Tsage yana inda ruwa ke gudu, musamman mashigin kogi. Kawara ayari take yi a sama-sama cikin fili. Bargi da yauni na cikin ciyawar fadama ne.

Akwai kuma alamun da ke sama. Inda zalɓe ya kafe a wuri ɗaya kullum da safe, akwai ƙananan kifi a gindinsa. Inda tsuntsaye ke shawagi suna faɗawa ruwa, ko ka ga kawara tana tsalle a firgice, to babban kifi ne ke korarta daga ƙasa. Idan iska ta kwana biyu tana kaɗawa ɓangare guda, takan tura abincin ƙananan kifi zuwa gaɓar da take buga wa. Ƙanana su bi abinci, manya su bi ƙanana. Gaɓar da ta yi luf ta fi daɗin zama, amma wadda igiyar ruwa ke duka ta fi kifi.

Wata ya sauya, kifi ya sauya

Wurin da ya ba ka kifi a Disamba ba lalle ne ya ba ka a Afrilu ba, kuma dalilin yana cikin ruwan. Da bazara rana takan gasa saman tafki. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya tsaya a sama, mai sanyin ya kwanta a ƙasa, su daina cuɗanya. A can ƙasa ganyaye da ciyayi suna ruɓewa suna cinye oksijin, ga shi babu sabuwa da ke sauka. Cikin 'yan makonni zurfin tafkin ya zama wurin da kifi ba zai iya zama ba. Wanda ya saukar da ƙugiyarsa can ƙasa a wannan lokaci, da tunanin cewa kifi ya gudu wa zafi, ya wuce su ya bar su a tsakiya. Idan ka ɗago dutsen awonka ka ji lakar tana ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka ɓata dare a wurin. Ka koma inda gangaren bai yi nisa ba, ko mashigin rafi.

Hunturu yana juya lamarin. Iskar arewa tana sanyaya saman ruwa, ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, tafkin ya gauraya. A lokacin ne kifi ke iya sauka zurfi. Karfasa takan yi sanyin jiki da sassafe, sai rana ta ɗaga take fitowa gefe shan ɗumi, don haka mai nemanta a Janairu ba ya buƙatar sammako irin na bazara.

Damina kuwa takan kwashe kifi daga tafki ta kai shi daji. Da zarar sabon ruwa ya fara shigowa, tarwaɗa da kawara da sauransu sukan bi shi sama, su fantsama cikin ciyawar da ruwa ya rufe, su yi ƙwai. Da kaka, ruwa na janyewa, su da 'ya'yansu su biyo magudanai su komo. Shi ya sa masu gura ke kafa tarkonsu a bakin waɗannan magudanai.

Masu su a kan ƙanƙara

Domin mu ga cewa wannan ilimi ba na ƙasarmu kaɗai ba ne, bari mu leƙa wani wuri da ya yi hannun riga da namu. A jihar Minnesota ta arewacin Amurka, kusa da iyakar Kanada, sanyin hunturu yakan daskarar da saman tafkuna. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana shawartar mutane kada su taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato kimanin santimita 10. Idan ta ƙara kauri har motoci sukan hau. Mutum ya huda rami mai faɗin kamar santimita 20, ya saka ƙugiya. Cikin kifayen da suka fi nema akwai wanda suke kira kirafi, mai faɗin jiki irin na karfasa, tsawonsa yawanci tsakanin santimita 20 da 30.

Matsalarsu ta fi tamu tsanani. Mu muna ganin launin ruwa da tsallen kifi da tsuntsaye, su kuwa farin fili kawai suke gani. Amma ku ji yadda suke yi. Tun a gida sukan buɗe taswira mai nuna zurfin tafki, su nemi bakin ciyawa, da tsinin tudu, da kwarin da ke tsakiya. A farkon sanyi kirafi yana kusa da ciyawar da ba ta mutu ba, domin tana ba da iska da mafaka. Idan sanyi ya yi nisa ciyawa ta ruɓe, sai ya ƙaura zuwa kwari, ya tsaya ayari-ayari a tsakiyar ruwa, ba a ƙasa ba, yana cin ƙananan halittun da ke tasowa da magariba. Gab da narkewar ƙanƙara kuma ya sake nufar gefe. Masuncin da ya san aikinsa ba ya huda rami ɗaya ya zauna. Yakan jera ramuka da yawa daga tudu zuwa zurfi, ya saka wata na'ura da ke aika sauti ƙasa tana nuna zurfi da abin da ke motsi, in babu kifi ya matsa gaba.

Jerin ramukan nan nasu aiki ɗaya yake yi da igiyarmu mai ƙulli. Abin da nake so mu ɗauka daga gare su shi ne saurin barin wurin da babu komai. Haƙuri yana da kyau a su, amma sai an tabbatar kifi na nan tukuna.

Wuraren da ake ƙyalewa

Wanda ya iya karanta ruwa zai gano wani wuri da ya fi ko'ina sauƙin kamu, wato inda kifi ke haihuwa. A gefen tafki mai yashi za ka ga ƙananan ramuka zagayayyu. Namijin karfasa ne ya tona su, macen kuma a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya. Kama ta a wannan hali kashe ɗaruruwa ne a lokaci guda. Bargi yakan gina sheƙa zagayayya a cikin ciyawa, mai faɗin kusan mita guda, ya tsaya yana gadi, yauni kuma tasa sheƙar a kan ruwa take yawo. Babu wuyar kashe su a nan, kuma shi ya sa suke ƙaranci a wuraren da a da suke da yawa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ilimin da ke cikin darasin nan yana iya zama makamin ɓarna a hannun mai haɗama. A Lagdo hukumomin Kamaru sukan rufe su na wata uku a damina, daga Yuli zuwa Satumba, don kifi ya hayayyafa. A Nijeriya dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai a wasu keɓantattun nau'o'in su. Gidan sauro da wasu ke ja a gefen ruwa yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba.

Baƙo a babban ruwa ya fara da gaida Sarkin Ruwa da shugabannin masunta. Su suka san inda aka hana, da wurin da wani ya riga ya kafa, da kuɗin da ake biya. Mai zuwa Lagdo ya tuna cewa wata ƙasa ya shiga, ya nemi takardunsa da izinin su. Shugabannin masuntan ne kuma za su nuna maka inda dorina ke kwana. A Kiri akwai dorina, kuma kifi yakan taru a inda take saboda kashinta, amma uwa mai ɗa tana kifar da jirgi ba tare da gargaɗi ba. A bar mata wurinta. Idan hadari ya haɗo a farkon damina, a nemi gaɓa tun iska ba ta iso ba. Mazauna ƙasa da Lagdo su riƙa sauraron sanarwar sakin ruwa, domin ambaliyar 2012 da ta 2022 ba ta bar mutanen Adamawa da mantuwa ba. Rigar kariya daga nutsewa ta fi injin jirgi araha nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan yawan shiga ruwa mai ciyawa, ya je asibiti a duba shi ko tsargiya ce, tana da magani.

Aiki

1. Ka zana gurbi ko tafkin da ya fi kusa da ƙauyenku. Ka nuna mashigin ruwa, da ciyawa, da duwatsu, da wurin da ya fi zurfi, sannan ka sa alama a wuri uku da kake zaton kifi zai taru, ka faɗi dalilinka.

2. Wani masunci ya auna ya samu: gaba 1, 1, 2, 2, 6, 7, 6, 3, 2. Me ke kwance a ƙarƙashin jirginsa? A ina zai shimfiɗa kalli?

3. Me ya sa zurfin tafki ke rasa kifi da bazara, kuma me hunturu ke yi wa ruwan?

4. Ku kasu uku-uku, ku ziyarci wani dattijon masunci. Ku tambaye shi sunayen kifayen da ake kamawa yana yaro, da waɗanda ba a cika gani yanzu ba, da watan da kowanne ke yin ƙwai. Ku rubuta amsoshinsa ku kawo aji mako mai zuwa.